Fijon Baba, hanyar Tiga da jarkar zoɓo

Ranar Lahadi bayan Azahar, idan Baba ya ce a wanke Fijo, to mun san Tiga muka nufa. 504 ce fara, irin wadda ake haɗawa a Kaduna a wancan lokacin, kujerunta har sun fara tsagewa. Mu huɗu muke cusuwa a baya, Umma a gaba da jarkar zoɓo naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu don kada sanyinta ya gudu.

Baba bai taɓa wuce 70 ba a hanyar nan. Yayana yakan ƙosa ya ce, "Baba, ka ga fa har akori-kura ta wuce mu." Shi kuwa sai ya ce, "Bar ta, ai ba wuri ɗaya za mu ba."

A wannan tafiyar hawainiyar na san ƙasarmu. Da mun bar Kano ta hanyar Zariya muka wuce Kura, sai ido ya cika da kore ko da tsakiyar rani ne: alkama, shinkafa, balbelu fari fat a bayan manoma, ga kwandunan tumatir jere a Kwanar Gafan. Baba yakan rage gudu ya nuna mana magudanan ruwan Kadawa, ya ce duk wannan albarkar daga dam ɗin Tiga take, wanda aka gina zamanin Audu Bako, aka kammala a 1974. Idan muka ci karo da masu fura da nono ya tsaya ya saya mana, amma shi ba ya sha. Dokarsa ce: fura ta fasinja ce, don tana saukar da barci, direba kuwa zoɓo.

Da na yi tawa motar, duk na watsar da wannan karatu. Ku ma kun san yadda muke, ƙafa a kan totur, kiɗa na tashi, ana ɗaukar allon gudu a waya a ɗora a status. Wata ranar Asabar a wannan hanyar dai, ni da abokai biyu, allura na kan 140, sai ga wani dattijo a keke da kwando ya ɓullo zai tsallaka. Na taka birki, mota ta yi ƙara ta juya, muka tsaya a gefen gona muna fuskantar inda muka fito. Allah Ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo. Dattijon ya dube ni ya ce, "Yaro, ina za ka haka?" Wallahi na rasa amsa, don yawo kawai muka fito.

Daga baya na zauna na yi lissafi. A gudun 140, mota na cin kusan mita 39 a daƙiƙa ɗaya, wato kafin ƙafarka ta bar totur ta kai birki ka riga ka shafe filaye biyu ko uku. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta ƙayyade wa ƙananan motoci 100 a babbar hanya mai tagwaye, 50 a cikin gari. A tafiyar kilomita 70, mai gudun 100 zai yi minti 42, mai 140 kuma minti 30. Minti 12 ke nan. A kan minti 12 na kusa raba wani gida da mahaifinsu.

Shawarata ta wannan mako guda biyu ce. Ka ware yammaci ɗaya ka fita ba tare da gaggawar komai ba, ka sauke gilas, waya ta zauna a aljihu, ka juyo gida kafin Magariba. Sannan ka tafi da zoɓo na gida, ba mai kala da ƙanshin kwalba ba.

Ga yadda Umma take yin nata. A samo busasshen zoɓo mai duhun ja, a ɗauraye shi sau biyu saboda yashi. A tafasa ruwa da dakakkiyar citta, kanumfari kaɗan da ɓawon abarba da aka wanke tas. Sai a zuba zoɓon, ya yi ɗan tafasa ɗaya, a sauke a rufe ya jiƙu har ya huce. Idan ya daɗe a wuta ɗanɗanonsa dushewa yake. A tace, a sa mazarƙwaila maimakon farin sukari, daidai yadda tsamin zai ci gaba da cizon harshe. Shi ne dai abin da ake kira karkade a Sudan da Masar, bisap a Senegal.

Baba ya tsufa yanzu, Fijo ma an daɗe da sayar da ita. Makon jiya ni na ɗauke shi zuwa Tiga, jarka na gefensa. Muna wuce Kura ya leƙo allon gudu, ya ga 70, bai ce komai ba, sai ya tsiyaya zoɓo a kofi ya ce in tsaya a inuwar can mu sha.