Kachala: Yadda Mai Gona Zai Gane Ta, Ya Kuma Kashe Ta

Duk wanda ya zuba jari a gonar fadama ko ta noman rani ya kamata ya san ciyawar nan da ake kira kachala, domin tana iya mayar da gona mai albarka kufai cikin 'yan shekaru.

Dausayin Haɗeja da Nguru shi ne babban misali. A da, kogin Haɗeja yakan janye da rani, ƙasa ta bushe. Bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, sai ruwa ya riƙa gudana duk shekara, laka ta taru, kachala ta sami wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su a yankunan Guri da Kirikasamma da Nguru. Bugu da ƙari, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi.

Gane ta ba wuya. Ganyenta dogo ne siriri kamar takobi, tsawonta yakan wuce mita 2. Kanta ruwan ƙasa ne, mai kama da zangarniyar gero. Idan ya nuna sai ya fashe kamar auduga, iska ta kwashi irin, wanda yakan haura 100,000 a kai ɗaya.

Amma ƙarfinta yana cikin saiwa, wadda ke rarrafe a cikin laka tana fitar da sababbin tsirrai. Wannan ne ya sa ƙona ta ko sare ta a saman ruwa asarar kuɗin ƙwadago ce kawai, domin ba ta daɗewa take sake tohowa.

Dabarar ita ce a yanke ta a ƙarƙashin ruwa, kimanin santimita 20, kafin ta fitar da kai. Ta ganye saiwar ke samun iska, saboda haka idan ruwa ya rufe kututturen sai ta shaƙe ta ruɓe. A maimaita sau 2 ko 3 a shekara, a kuma kwashe abin da aka yanke. Inda za a iya janye ruwa, a bar ƙasa ta bushe, a yi huɗa mai zurfi don rana ta ƙone saiwar.

Lissafin a fili yake. Ƙaramin kurmi a bakin magudana aikin leburori kaɗan ne na kwana ɗaya ko biyu. Idan ta game gona, sai an yi hayar injin haƙa, ga kuma asarar amfanin shekara.

Don haka mai niyyar saye ko hayar fili a fadama ya fara duba magudanansa, ya kuma sa a rubuta a yarjejeniya wanda nauyin sharewa ke kansa. Haka nan maƙwabtan da ke shan ruwa daga magudana ɗaya su haɗa kai, domin irin da ke gonar maƙwabci iska ɗaya ce za ta kawo shi.