Daidaita Murya Kafin Naɗar Karatu a Kwamfuta

'Yan'uwa, sau da yawa mukan naɗi tafsiri, sai mun zo saurare mu ji muryar malam tana tsagewa. Dalili kuwa, an cika ƙarfin makirufo. A manhajar Audacity akwai ma'aunin sauti. Idan ya kai 0 ya yi ja, to abin da ya lalace da wuya ya gyaru. Mu rage har murya ta riƙa tsayawa tsakanin -12 da -6.

Kuma kada mu gwada da sallama a hankali. A sa alaramma ya ja aya da ƙarfinsa, don shi ne mai ɗaga murya. Makirufo ya zama taƙi ɗaya daga baki, a ɗan karkace, saboda iskar harafin ba da fa. Fanka kuwa, in da hali a kashe ta.