Aminatu Seyni, 'Yar Dosso Mai Tsere



Kafin wani dattijo ya murɗa rediyonsa yana cewa ina ruwanmu da tseren mata, bari in tuna masa abin da ya zo cikin Sunan Abi Dawud, cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi musabaƙa da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ta riga shi, sa'an nan bayan wasu shekaru, da jikinta ya yi nauyi, suka sake, ya riga ta. Batun sutura kuwa na malamai ne, mun bar musu.

Wadda za mu ba ku labarinta, Aminatu Seyni, an haife ta a Dosso cikin Jamhuriyar Nijar a 1996, sana'arta kuwa tseren mita 400, watau kewaya fili sau ɗaya cur. Masu wannan fanni sun yi ittifaƙi cewa azabarsa tana cikin mita ɗari na ƙarshe, sa'ad da numfashi ya ƙare, cinyoyi suka sandare, ba abin da ya rage wa mutum sai zuciya.

To, ranar 5 ga Yuli, 2019, a birnin Lozan na Suwizalan, aka jera ta da Salwa Eid Naser, haifaffiyar Nijeriya wadda take gudu da sunan Bahrain. Aka durƙusa bisa matokara, da takalma masu ƙusoshi, bindiga ta tashi. Da aka kawo miƙaƙƙen layi na ƙarshe, inda kowa yake sanyi, sai ga 'yar Dosso tana cin tazara taki bayan taki, har suka auka wa layi tare. Naser ta yi sakan 49.17, Aminatu ta yi 49.19. Ku sake ji: 17 da 19. Kashi biyu cikin ɗari na sakan guda! Na zauna na yi hisabi, na ga a irin wannan gudu ratar ba ta kai rabin kamu ba, wanda ko mai sayar da yadi a kasuwar Sheme zai yafe wa mai saye. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, a ƙa'idar wannan wasa ba a duban kai, ba a duban ƙafa ko hannu, ƙirji ake dubawa, don haka ne za ka ga suna turo shi gaba kamar za su kifa, na'urar hoto kuma ita ce alƙali, domin idon ɗan Adam ba ya iya wannan hukunci.

Wata uku bayan haka Naser ta ci gasar duniya a Doha da sakan 48.14. Aminatu fa? Ba ta shiga wannan tsere ba, saboda hukumar tsere ta duniya ta riga ta kafa doka a kan matan da aka halitta da yawan wani sinadari a jini, wanda ake kira testosteron, cewa daga mita 400 zuwa mil guda ba za su yi takara ba sai sun sha magani sun rage shi. A kan wannan doka ce Caster Semenya ta Afirka ta Kudu ta kai ƙara, ta faɗi a Mayun 2019. Hukuma tana da hujjarta, ta ce adalci take nema wa sauran mata, ba kuwa zan ce hujjar banza ce ba. Amma a lura, yarinyar nan ba ƙwaya ta sha ba, ba allura ta yi ba, halittar Ubangiji ce aka tuhume ta da ita, ni dai wannan yana yi mini nauyi.

Maimakon ta koma gida ta naɗe hannu, sai ta sauka zuwa mita 200, wanda doka ba ta taɓa ba, alhali kuwa wata sana'a ce dabam, mai bukatar zafin tashi fiye da jimiri. A Yunin 2022 ta ci zinariyar Afirka a tsibirin Morishiyos, da azurfa a mita 100. Wata guda bayan haka, a gasar duniya a Yujin ta Amurka, ta yi sakan 21.98 a zagayen farko, a na ƙarshe kuma ta zo ta huɗu da 22.12, bayan Shericka Jackson da Shelly-Ann Fraser-Pryce na Jamaika da Dina Asher-Smith ta Birtaniya. Ta huɗu a duniya baki ɗaya, jama'a, cikin fannin da tilas ce ta kai ta.

 A Maris 2023 hukuma ta faɗaɗa dokar ta haɗe dukan tseren mata, ta kuma rage ma'aunin sinadarin da rabi, wannan ƙofa ta mita 200 ita ma ta shiga ƙarƙashin sharaɗi.