Yaron Da Ya Ƙi Nama A Gidan Masu Cin Nama

Jama'a, ga wani labari daga Ingila. An haifi Donald Watson cikin 1910 a garin Mexborough. Tun yana ƙarami ya ga an yanka alade a gonar kawunsa, kukan dabbar nan ya tsaya masa a rai. Da ya shekara 14 sai ya ce shi da nama har abada.

To, ku duba wuyar abin. Yaro ne, ba shi ke cefane ba, tukunya kuwa ta uwarsa ce. Amma sannu a hankali ɗan'uwansa da 'yar'uwarsa suka bi sawunsa, har uwar ta kwatanta kanta da kazar da ta ƙyanƙyashe ƙwan agwagwa.

Daga baya ya bar madara da ƙwai, kuma cikin Nuwamba 1944 shi da abokansa suka kafa jam'iyyar Vegan Society. Lokacin ana yaƙi, abinci sai da kati. Wanda ba ya cin nama Gwamnati ta kan ƙara masa cuku. To, wanda ya bar madara me zai yi da cuku?

Yau likitoci suna gargaɗin mai bin hanyar nan lalle ya riƙa shan bitamin B12, gama hatsi da ganye ba su wadatar da shi. Watson dai ya mutu cikin 2005 yana da shekara 95.