Yau Kuma Me Zan Rubuta? Inda Ɗan Kasuwa Ke Samo Abin Faɗa

Yau maganar ta 'yan kasuwa ce, musamman ku masu sayar da kaya ta waya.

Bari in fara da kaina. Lokacin da na fara sayar da atamfa da shadda, ina saro su daga Kantin Kwari a Kano, abu ɗaya kawai na iya: in ɗauki hoto, in rubuta "akwai kaya, a yi magana", in ɗora a WhatsApp da Facebook. Yau haka, gobe haka. Bayan 'yan watanni sai ciniki ya tsaya cak, ga shi rabin jarin ma kuɗin mutane ne. Ƙanwata ce ta faɗa min gaskiya, ta ce, "Yaya, ni fa na daina duba abin da kake ɗorawa, na riga na san abin da zan gani." Wallahi maganar ta yi min zafi, amma ita ta farkar da ni. Ashe mutane sun gaji da talla zalla, suna son su ƙaru da wani abu. To, ina ake samo abin faɗa kullum? Ga wurare huɗu da ni nake ɗebowa.

Na farko, tambayoyin kwastomominka. Buɗe saƙonnin da ake turo maka, ka koma baya kamar wata guda. Ni da na yi haka, tambayoyin ba su wuce waɗannan ba: "Tana zuba?" "Yadi nawa ne?" "Auduga ce ko roba?" Kowace ɗaya rubutu ce mai zaman kanta. Sai na rubuta cewa turmin atamfa yadi 6 ne. Na nuna yadda ake gwada zuba: ka jiƙa farin ƙyalle ka goga a gefen atamfar, in launi ya biyo shi, to ka san matsayinta. Na kuma bayyana cewa in ka ƙona ɗan zare, na auduga toka yake zama, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule. In mutum ɗaya ya tambaya, ka sani akwai wasu da kunya ce ta hana su.

Na biyu, kalanda. Shekara da kanta tana ba ka abin faɗa: azumi, ƙaramar sallah, babbar sallah, damina, hunturu, komawar yara makaranta a watan Satumba, da lokacin bukukuwa. Sirrin shi ne ka riga lokacin. Ni maganar kayan sallah tun kafin a ga watan azumi nake fara ta, saboda kowa ya san yadda ake cika wa teloli ɗinki a goman ƙarshe. Rubutun da ke cewa "kai ɗinkinki da wuri" taimako ne, kuma shi ne zai sa a sayi kayan da wuri.

Na uku, Google. Fara rubuta sunan kayanka a wurin bincike, kar ka ƙarasa. Za ka ga ya jero maka kalmomi a ƙasa, yawancinsu abubuwan da mutane ke yawan nema ne. Akwai kuma Google Trends, kyauta ne, tun 2006 yake aiki. Ka zaɓi Najeriya ko Nijar, ka sa kalma, zai nuna maka watannin da nemanta ke tashi da lokacin da yake sauka. Gwada da Hausa, ka gwada da Turanci, don wani lokaci kalmar Hausar ba ta da bayanai da yawa a can.

Na huɗu, ilimin sana'arka. Abin da kake gani kamar kowa ya sani, ba kowa ya sani ba. Mutane da yawa suna sa shaddar Getzner amma ba su san a ƙasar Ostiriya ake saƙa ta ba. Haka atamfar Holan, kamfanin Vlisco da ke yin ta tun 1846 aka kafa shi. Ranar da na rubuta wannan, wasu da ba su taɓa yi min magana ba sai da suka yi. Mai gyaran waya, mai kayan miya, mai turaren wuta, kowa yana da irin nasa. Har kuskuren da ka taɓa yi wajen sari labari ne, in dai ka faɗi darasin da ka koya.

Sannan kar ka zazzage komai rana ɗaya. Batun wankin atamfa kaɗai sai ya yi maka kwana uku: yau wanki da ruwan sanyi, gobe shanya a inuwa, jibi guga ta bai-bai. Ka ajiye ɗan littafi, duk abin da ya zo maka ka rubuta nan take, don ƙwaƙwalwa ba ta riƙe amana.

Gargaɗi biyu kafin mu rabu. Kar ka faɗi abin da ba ka tabbatar ba don kawai ka cike gurbi. Ranar da aka kama ka da ƙarya ɗaya, an daina yarda da sauran. Kuma kar ka ɗora hoton kwastoma ko saƙonsa sai da izininsa.

Ni dai ban zama attajiri ba, amma na biya mutane kuɗinsu, ƙanwar tawa ma yanzu ita ke tura wa ƙawayenta rubutuna. Aikinku na wannan makon: ku zaƙulo tambayoyi 10 da aka taɓa yi muku, ku amsa ɗaya kowace rana.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.