Yadda rashin takardar aikin lantarki ke dagula cinikin gida a Ingila

A Ingila, cinikin gida kan kai gab da sa hannu sannan ya tsaya cak saboda takarda guda: shaidar cewa aikin wayar lantarki da aka taɓa yi a gidan ya bi ƙa'idar gini. Ko da wuta na aiki lafiya ƙalau tsawon shekaru, lauyan mai saye da bankin da zai ba shi rance ba sa gamsuwa da baki, sai sun ga rubutu. Wannan ya shafi 'yan Najeriya da ke da gida a can, ko waɗanda suka gaji gida suke son sayarwa.

Asalin ƙa'idar

Ranar 1 ga Janairu, 2005, wani sashe na dokokin gine-gine da ake kira Part P ya fara aiki a Ingila da Wels, domin rage gobara da jan wuta a gidaje. A watan Afrilu na 2013 aka taƙaita ayyukan da dole a sanar da hukuma a Ingila zuwa uku: jan sabon layi, sauya akwatin da ke rarraba wuta a gida, da aiki a kusa da baho ko shawa. Sauya soket ko makunnin fitila bai shiga ciki ba. A Wels kuwa, har yanzu ana sanar da wasu ayyukan kicin da na wajen gida.

Idan mai aikin yana da rajista da ƙungiya irin su NICEIC ko NAPIT, shi zai sanar da aikin, a aiko wa mai gida takardar shaida. Idan ba shi da rajista, yawanci sai an sanar da ƙaramar hukuma tun kafin a fara. A nan ne mutane da dama ke faɗa wa matsala, domin sun ba wa mai araha aiki, ya gama ya tafi bai bar komai a rubuce ba.

Inda asiri ke tonuwa

Mai sayarwa kan cika fom ɗin TA6, wanda ke tambayar ko an yi aikin lantarki a gidan, da kuma takardunsa. Wanda ya ɓoye gaskiya a nan, mai saye na iya maka shi kotu daga baya ya nemi diyya. Haka kuma, tun watan Oktoba na 2023 ƙaramar hukuma a Ingila na da shekara 10, maimakon wata 12 na da, ta tilasta a gyara ko a cire aikin da ya saɓa ƙa'ida. Nauyin kuwa kan wanda ke riƙe da gidan yake faɗawa, shi ya sa mai saye ke taka-tsantsan.

Mafita

Matakin farko shi ne bincike. Sau da yawa an fitar da takardar, ɓata kawai ta yi, kuma ana iya neman kwafi daga ƙungiyar da mai aikin ke da rajista da ita a kan kuɗi kaɗan.

Idan ba a taɓa sanar da aikin ba, ana iya neman ƙaramar hukuma ta duba shi ta ba da takardar amincewa ta bayan fage. Wannan ne ke kashe maganar gaba ɗaya, sai dai yana cin lokaci da kuɗi, kuma mai yiwuwa a buƙaci fasa bango domin ganin wayoyin.

Akwai kuma rahoton EICR, inda ƙwararre ke gwada wayoyin gidan ya bayyana halin da suke ciki. Yana kwantar da hankalin mai saye game da lafiyar wutar, amma bai maye gurbin takardar da ta ɓata ba.

Hanya ta huɗu ita ce inshorar kariya da ake biya sau ɗaya. Ita ce mafi sauri, amma iyakarta asarar da za a yi idan hukuma ta ɗauki mataki. Ba ta biyan gyaran waya mara kyau. Abin lura shi ne, kamfanonin inshora kan ƙi ba da ita idan an riga an tuntuɓi ƙaramar hukuma kan batun. Don haka gaggawar buga wa hukuma waya na iya toshe wannan ƙofa.

Saboda haka ya fi dacewa mai gida ya tattara takardunsa tun kafin ya sa gidan a kasuwa, ya fara shawara da lauyansa kafin kowa. Wanda ya bari sai mai saye ya gano giɓin, yakan ƙare da rage farashi, ko ya rasa cinikin baki ɗaya.