Koya wa yaro hawa fo: Kafin ku ɗauki bulala ko ku kunna kyamara

Idan kuna yawan leƙa TikTok ko Facebook, da wuya a ce ba ku taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba. Yaro ɗan shekara biyu ko uku a tsaye, wando sharkaf, yana share hawaye da bayan hannu, wani babba a bayan kyamara yana ƙyaƙyata dariya yana cewa, "Waye ya yi wannan?" A ƙasa kuma ga masu sharhi. Wannan ta ce ita nata tun yana wata takwas ya daina, waccan ta ce sangarci ne kawai, a samo tsumagiya. Wata kuwa sai ta karanta ta yi shiru, ta dubi ɗanta mai shekara biyu da rabi da har yanzu ake ɗaura wa famfas, ta fara tunanin ko ita ce ta gaza.

Ke sabuwar uwa, kai sabon uba, ke yayar da aka bar wa rainon ƙanne, da kai kawun da ke son ɗaukar komai a waya, maganar nan da ku ake. Hawa fo abu ne da jikin yaro ke koya a hankali, kamar tafiya da magana. Tsoro da kunyatarwa suna ƙara masa tsawon lokaci, wani sa'in ma har su kai yaro asibiti.

Me ya sa na kaka suka fi saurin koyo?

Idan Hajiya ta ce muku su a zamaninsu jariri bai kai shekara ba ya san abin da ake ciki, ba ƙari ta yi ba. Uwa kan zauna ta miƙe ƙafafu, ta ɗora jariri a kansu da zarar ya tashi daga barci ko ya gama shan nono, tana yi masa 'yar ƙara da baki har ya yi. Da yake kullum yana goye, daga motsinsa take gane yana jin wani abu. Ba mu kaɗai ke da wannan dabara ba. A 1977 an wallafa wani bincike kan ƙabilar Digo da ke gaɓar tekun Kenya, inda aka ga iyaye mata na fara wannan horo tun jariri yana da 'yan makonni, ya kuma daina jiƙa jiki wajen wata biyar zuwa shida. A Biyetnam ma iyaye mata fito suke yi wa jarirai da baki don su saba.

Sai dai a wannan tsari uwa ce ke karanta jikin jariri, ita ce ke kai shi a kan lokaci. Ga tsakar gida mai faɗi, ga kakanni da facaloli da 'yan raino, yaro kuma yini yake yi ba wando. Ke da ke ɗaki ɗaya a gidan haya, ko kike fita aiki ko lakca tun da safe, yanayinku ba ɗaya ba ne.

Sannan ga famfas. Sunan da muke kiran abin da shi ya samo asali ne daga Pampers, wanda kamfanin Procter & Gamble ya fito da shi a Amurka a 1961. Aikinsa ya tsotse lema, don haka yaro zai yi fitsari bai ji ya jiƙe ba, sai ya daɗe bai haɗa abin da yake ji a mararsa da abin da ke biyo baya ba. A 1962 kuma wani likitan yara a Amurka, T. Berry Brazelton, ya kawo shawarar a riƙa jira yaro ya nuna alamar shiri kafin a fara, kuma a kan haka yawancin likitocin yara suke har yau. Duka hanyoyin biyu suna kai wa ga gaci. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a bar yaro cikin famfas dare da rana shekara biyu, sannan a wayi gari a ce cikin kwana uku sai ya zama irin na kaka.

Mun san kuma akwai maganar aljihu. A ƙarshen 2023 Procter & Gamble ya sanar da daina sarrafa kayansa a Najeriya, a 2024 kuma Kimberly-Clark mai yin Huggies ya rufe masana'antarsa ta Ikorodu a Legas. Duk mai sayen famfas ya san yadda kuɗinsa ya koma. Ga makarantun naziri da yawa da ke son a kawo yaro ya riga ya iya. Matsin gaskiya ne, amma yaron bai san farashin komai ba, kada fushin kasuwa ya sauka a kansa.

Yaushe ya kamata a fara?

Galibin yara na fara nuna alamar shiri daga wata 18 zuwa shekara biyu, wasu sai sun kusa uku. Yawanci tsakanin shekara uku zuwa huɗu sun iya riƙewa da rana. Ku bar ƙirga watanni, ku dubi yaron. Yana iya kai kamar awa biyu bai jiƙa famfas ba? Yana tafiya da kansa, ya zauna, ya tashi? Yana gane gajeren umarni kamar "ɗauko takalminka"? Yana laɓewa bayan ƙyaure idan zai yi kashi, ko ya zo yana jan famfas alamar ya dame shi? Yana bin ku zuwa banɗaki yana son ganin me ake yi? Idan kun ga da yawa daga cikin waɗannan, to bismillah.

Akwai kuma lokutan da ya fi kyau a dakata: makon yaye, lokacin da aka yi masa ƙani, sauya gida, ko yana fama da zazzaɓi ko gudawa. Idan makaranta ce a gaba, ku fara tun da sauran watanni, ba a fafe gora ranar tafiya.

Yadda za ku bi da shi

Ku saya masa fo daidai shi, wanda ƙafafunsa za su taka ƙasa idan ya zauna, a ajiye wuri ɗaya da ya sani. Kwanakin farko ko da wando ya zauna a kai ba laifi, sabo ake nema. Kowa a gidan ya riƙe kalma ɗaya, in "fo" ne "fo", in "tutu" ne "tutu", kada Mama ta ce wannan Anti ta ce wancan.

Ku riƙa ɗora shi a lokutan da jiki ya fi buƙata: da ya tashi daga barci, bayan cin abinci da kamar minti 15 zuwa 30, da kuma kafin kwanciya. Dalili shi ne idan abinci ya shiga ciki hanji kan motsa da kansa. Minti uku zuwa biyar ya isa. In bai yi ba, a tashe shi ba tare da tsaki ba. Kada a danne shi a kan fo yana kuka, kuma kada a miƙa masa waya ya yi rabin awa yana kallon katun, don hankalinsa zai bar jikinsa ya koma kan allo.

Da rana a cire famfas a sa masa wando mai roba da zai iya zamewa da kansa. Zai ɓata, sau da yawa ma. Ranar da ya yi a fo, a yi masa tafi, a ce "sannu da ƙoƙari". Ranar da ya yi a ƙasa, a ce "fitsari a fo ake yi", a goge, a wuce wurin. A koya masa tsarki da buta da hannun hagu, sannan wanke hannu da sabulu. 'Ya mace a riƙa yi mata tsarki daga gaba zuwa baya, don kada ƙwayoyin cutar da ke cikin kashi su shiga mafitsara.

Idan masai ne na rami a gidanku, kada ku tura ƙaramin yaro shi kaɗai. Duhun ramin kawai ya isa ya tsorata shi, kuma yana iya zurma ƙafa. A rufe bakin masai, kada kuma a bar bokiti cike da ruwa a buɗe inda yaro zai leƙa.

Kai kuma maigida, wannan ba aikin Maman Baby kaɗai ba ne. Ɗa namiji musamman daga wurinka yake kwaikwayo. Ɗora yaro a fo da asuba bai taɓa rage wa kowa girma ba.

Abin da duka ke haifarwa

Yaron da ake duka ko tsawa saboda kashi, abin da yake ganewa shi ne kashin ne laifi, sai ya fara matsewa. Idan kashi ya daɗe a hanji, jiki na tsotse ruwan da ke cikinsa ya yi tauri. Ranar da zai fito ya fito da zafi, har da ɗan jini wani lokaci, yaro ya ƙara tsorata, ya ƙara matsewa. A ƙarshe mai ruwa-ruwa ya riƙa zurarowa ta gefen mai taurin yana ɓata wando ba tare da yaron ya ji ba, iyaye kuma su ɗauka iskanci ne su ƙara masa wani dukan. Hanjin da ya cika yana kuma danne mafitsara, fitsarin ma ya ƙi riƙuwa. Idan kun ga yana kwana biyu ko uku bai yi ba, ko yana nishi yana kuka, ku ƙara masa ruwa da gwanda da lemo da miyar ganye, ku kuma kai shi a duba shi.

Ko a addini muna da abin koyi. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa an kawo wa Manzon Allah (SAW) jaririn da bai fara cin abinci ba, ya yi masa fitsari a tufafi, sai kawai ya sa aka kawo ruwa ya yayyafa a wurin. Babu tsawa, babu kunyata uwar.

Fitsarin kwance daban ne

Riƙe fitsari da dare ba koyarwa ba ce, girman jiki ne. Akwai sinadarin da jiki ke fitarwa da dare yana rage yawan fitsarin da ƙoda ke haɗawa, kuma dole ƙwaƙwalwa ta iya tashin yaro idan mafitsara ta cika. Wasu yaran wannan na zuwa musu a makare. Likitoci ba sa ɗaukar fitsarin kwance a matsayin matsala kafin shekara biyar, kuma a wannan shekarun kusan yara 15 cikin 100 na yi. Yana bin jini sosai, sau da yawa idan aka bincika baban ko mamar ma sun yi. Don haka kiran yaro amalala, ko ɗora masa tabarma a ka a tara masa yaran unguwa, azabtar da shi ne kan abin da ya faru yana barci. A shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanin gado, ya sha ruwa sosai da rana a rage da dare, ya yi fitsari kafin ya kwanta.

Amma ku nufi asibiti idan yaron da ya daina ya dawo yana yi, ko yana kuka lokacin fitsari, ko akwai jini a ciki kamar yadda tsargiya ke sa wa, ko yana yawan ƙishirwa yana ramewa, wanda kan iya zama alamar ciwon suga. Masu sikila ma sun fi yawan fitsarin kwance saboda yadda cutar ke taɓa ƙoda.

Ina kashin yake tafiya?

Da yawa ana ganin kashin yaro ba shi da illa, sai a juye fo a kwata ko a wurga famfas a bola, kaji su tone, ruwan sama ya kwasa. Alhali kashin yaro na ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa da tsutsar ciki, kuma ta kashi ne kwalara da shan inna ke yaɗuwa. A 2021 an samu mutum sama da 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, kuma jihohin Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara na cikin waɗanda abin ya fi shafa. A 2022 Jigawa ta zama jiha ta farko da aka ayyana ta rabu da bahaya a fili, kuma irin wannan nasara daga tsakar gida take farawa. Ku juye fo a masai, ku wanke da omo a zuba ruwan wankin a masan, ku ajiye shi nesa da madafa. Famfas ma a kakkaɓe kashin a masai, a ƙulle shi a leda kafin a zubar.

A ajiye wayar

Bidiyon da kuka ɗora yau kuna dariya, wani ya riga ya sauke, ko kun goge yana nan. Yaron zai shiga sakandare, abokansa ma za su riƙe waya. Bayan haka, hoton yaro ba wando na iya faɗawa hannun mutanen da ba dariya ce ta kawo su ba. A Faransa har doka aka yi a 2024 da ta ɗora wa iyaye nauyin kare hoton 'ya'yansu. Mu ba sai mun jira doka ba, mun san sutura da kunya tun a gida.

Idan ya yi a fo karon farko, ku kira kakarsa ku ba shi wayar ya faɗa mata da bakinsa. Wannan murnar ta ishe shi. Idan kuma kun gwada mako biyu ko uku abin ya ƙi, ku mayar da fo gefe, ku huta, ku sake gwadawa bayan wata guda. Ɗan maƙwabciya ya riga naku, to sai me? Sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya raya mana su, Ya ba mu haƙurin rainonsu.